ZANZIBAR: TSIBIRIN KANUMFARI DA GIMBIYAR DA SO YA RABA DA GIDA

A wannan fitowar na ɗan ajiye alƙalamin ƙagaggen labari, domin da yawa daga cikinku kun aiko da tambaya a kan wannan tsibiri da ake ta kai amare yawon shan amarci, har ta kai wasu 'yan matan ma sun fara sa shi cikin sharuɗɗan da suke gindaya wa samarinsu. To Allah cikin ikonSa Ya nufe ni da zuwa Zanzibar tare da Yayana da matarsa, a cikin ayarin mutum 14 da wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ya haɗa, muka yi kwana bakwai. Hausawa sun ce gani ya kori ji, don haka ku gyara zama ku sha labari. Sai dai ina so ku sani tun yanzu, hotunan da kuke gani na farin rairayi da shuɗin ruwa gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin yana cikin lunguna, kuma sai wadda ta samu jagora nagari take jin sa.

INA NE ZANZIBAR?

Zanzibar tarin tsibirai ne a cikin Tekun Indiya, a gabashin Afirka, kuma ɓangare ne na ƙasar Tanzaniya duk da cewa suna da shugabansu da majalisarsu. Manyan tsibiran guda biyu ne, Unguja da Pemba. Unguja shi ne wanda baƙi suka fi zuwa, tsawonsa kamar kilomita 85, wato a mota za ki iya ratsa shi daga wannan kai zuwa wancan tsakanin hantsi da azahar. A ƙidayar 2022 mutanen tsibiran sun kusa miliyan 1.9, kuma kusan dukkansu Musulmi ne, harshensu Suwahili. Daga birnin Darussalam tafiyar kamar awa biyu ce a jirgin ruwa. Mu dai ta sama muka je, muka yada zango a Adis Ababa, daga nan sai filin jirgin Abeid Amani Karume. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

Irin wannan tafiya ta ayari ga yadda take. Kuɗi ɗaya ake biya tun daga gida, a cikinsa akwai tikitin jirgi, da masauki, da karin kumallo, da motar da za ta riƙa yawo da ku, da kuɗin shiga wuraren tarihi, sannan da jagora ɗan ƙasa wanda ba ya rabuwa da ku. Kowace rana an tsara inda za a je da lokacin tashi da na dawowa. Daɗinta shi ne ba ruwanki da ciniki da direba, ba ruwanki da ɓata, kuma iyaye sun fi samun kwanciyar hankali. Wahalarta kuwa ita ce ba ki da ikon kanki, in an ce mota za ta tashi ƙarfe takwas, to ko kina tsakiyar shafa hoda ne sai ki tattara ki fito.

Jagoranmu wani dattijo ne siriri mai farar hula, tsohon malamin makaranta, yana jin Turanci da Larabci. Tun a mota ya ja mana kunne a kan lokaci. Ashe su Suwahilawa daga fitowar rana suke fara ƙidayar awa, don haka ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu, ƙarfe takwas kuma ƙarfe biyu. Ya ce duk wanda ya ba mu lokaci mu tambaye shi na wane agogon yake nufi. Sannan ya koya mana gaisuwar manya, yaro ya ce shikamoo, babba ya amsa da marahaba. Matar Yayana ta dube ni ta ce, “Ke, ai maraba ce tamu!” Haka kuwa muka yi ta tsintar kalmominmu a bakinsu, habari labari, sabuni sabulu, asubuhi asuba, hatari haɗari, Alhamisi da Ijumaa kuwa ba sai an fassara ba. Dalili shi ne mu da su duk mun sha daga Larabci.

CIKIN TSOHON GARI

Kwana uku na farko a tsohon gari muka yi su, wanda suke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma suka sa masa suna Garin Dutse saboda da duwatsun murjani na teku aka gina shi. Tun shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Duk wadda ta san lungunan cikin birnin Kano za ta ji kamar ta zo gida, sai dai nasu benaye ne hawa biyu hawa uku a manne da juna, lungun kuma wani mota ba ta shiga, sai babur da keke suna ta ƙararrawa. A ƙofar kowane gida akwai dakali, su suna ce masa baraza, nan maza ke zama da yamma suna shan gahawa a 'yan mitsi-mitsin kofuna. Mata kuwa ga su nan cikin baƙar abaya, wasu kuma cikin kanga, wato zane falle biyu mai rubutun karin magana a gefensa. Jagoranmu ya ce da kanga ake yabon miji, da ita ake yi wa kishiya habaici ba tare da an buɗe baki ba. Nan fa matan ayarinmu aka yi ta shewa, kowa tana neman a fassara mata.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne ƙofofi. Kai, tubarkalla! Katako ne mai kauri an sassaƙa masa furanni da igiyoyi, wasu da ayoyi a samansu. Masu kusurwa huɗu na Larabawa ne, masu gantsararren kai da manyan ƙusoshin tagulla kuma salon Indiya ne, inda aka ce a can ana sa ƙusoshin ne don kada giwayen yaƙi su bangaje ƙofa. A da, ƙofa ce ke faɗa wa mai wucewa matsayin mai gida.

A bakin ruwa jagora ya zaunar da mu ya warware mana tarihi daki-daki. Iska ce ta gina Zanzibar. Daga Disamba zuwa Maris tana kaɗowa daga arewa maso gabas, ta kawo jiragen katako na fatake daga ƙasar Larabawa da Farisa da Indiya, in ta juya kuma daga Afrilu sai ta mayar da su gida da kaya. Musulunci ya daɗe ƙwarai a wurin, domin a ƙauyen Kizimkazi akwai masallacin da ke ɗauke da rubutun shekarar 1107. Turawan Fotugal sun riƙe tsibirin kusan shekara 200, sai Larabawan Oman suka kore su a 1698, suka gina tsohuwar ganuwar da har yau take tsaye a bakin teku. Wajen 1840 Sarki Sayyid Sa'id ya baro Maskat ya mayar da fadarsa Zanzibar.

Kusa da ganuwar akwai Baitul Aja'ib, wato Gidan Al'ajabi, wanda Sarki Bargash ya gina a 1883. Shi ne gini na farko da ya samu wutar lantarki a tsibirin, kuma na farko da aka sa wa lif a duk gabashin Afirka. Wani sashe nasa ya rufta a Disambar 2020 ana cikin gyara, don haka daga waje muka tsaya. A wannan bakin ruwan ne aka yi yaƙin da ya fi kowane gajarta a tarihi, ran 27 ga Agusta 1896, lokacin da jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wa fadar Sarki Khalid wuta saboda ya hau gado ba da yardarsu ba. Ko minti 45 ba a cika ba aka gama, amma mutum kusan 500 na ɓangaren sarki suka mutu ko suka jikkata. Ingila ta ba su 'yanci a Disambar 1963, bayan wata guda, ran 12 ga Janairu 1964, aka yi juyin juya hali aka kawar da sarautar, inda dubban mutane suka rasa rayukansu, akasari Larabawa da Indiyawa. A Afrilun wannan shekarar Zanzibar ta haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya. Ɗalibai ku riƙe wannan ma, Samia Suluhu Hassan, mace ta farko da ta shugabanci Tanzaniya a 2021, 'yar Zanzibar ce.

INDA AKA SAYAR DA MUTANE

Rana ta biyu da safe muna ta raha a hanya, ana ta ɗaukar hoto, sai jagora ya tsaya a ƙofar wata babbar majami'a ya ce don Allah a nan a sassauta murya. Wannan fili shi ne kasuwar bayi ta Zanzibar, wadda ta kasance mafi girma a gabashin Afirka. Daga can cikin ƙasa, wajen manyan tafkuna har zuwa Kwango, ake kamo mutane, a ɗora musu hauren giwa a ka su yi tafiyar watanni zuwa gaɓa, sannan a cusa su a jirgi. In an iso a sayar da hauren, a sayar da wanda ya ɗauko shi. Wasu a wuce da su ƙasashen Larabawa da Farisa, wasu a bar su a gonakin tsibirin. Ɗaya daga cikin manyan fataken wannan sana'a shi ne wanda ake wa laƙabi da Tippu Tip, ya rasu a 1905, gidansa na nan cikin gari ana nuna wa baƙi. A 1873 Ingila ta matsa wa Sarki Bargash ya rufe kasuwar, a wannan shekarar kuma aka fara gina majami'ar a kan filin. Ita kanta bautar ba a soke ta a doka ba sai 1897.

An shiga da mu wasu ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa, rufinsu ko miƙewa sosai ba a yi, tagoginsu kamar tsagar asusu. Mu 14 ne kawai amma cikin minti biyu numfashi ya fara yi mana wuya. A waje kuma akwai wani rami da aka tsayar da mutum-mutumi biyar a ciki, maza da mata, da sarƙa a wuyansu, an kafa shi a 1998 don tunawa. Wata Hajiya da ke cikinmu, wadda tun daga gida ba ta rabo da barkwanci, sai ga ta tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce, “'Yan nan, wannan ta tsakiyar ai ba ta wuce sa'ar autata ba.” Babu wanda ya iya tanka mata. Kuma kada mu yi saurin nuna wasu da yatsa, domin mu ma a ƙasarmu an yi cinikin bayi, har a kasuwar Kurmi ta Kano, kafin zuwan Turawa. Ranar dai abincin rana kowa tsakura ya yi.

GONAR KAYAN ƘANSHI

Washegari aka fita da mu bayan gari zuwa gonar kayan ƙanshi, kuma duk macen da ta san kicin nan ne za ta ji kamar kada a tafi. Wani saurayi ne ke gaba da 'yar wuƙa, ya yanko ganye ko ɓawo ya murza ya miƙo miki ya ce ki canka. Kirfa ashe ɓawon bishiya ce. Masoro a jikin wata igiya yake fitowa mai nannaɗe bishiya, yana kore shar kafin a shanya shi ya yi baƙi. Citta da kurkur a ƙasa ake tono su kamar rogo. Gyaɗar ƙanshi kuwa tana cikin wani ɗan itace, in an fasa sai ki gan ta lulluɓe da jan zare kamar an yi mata lalle.

Sarkinsu duka shi ne kanumfari, su suna cewa karafuu. Wannan ɗan abu mai kamar ƙusa da muke jefawa a zoɓo da kunun zaƙi da yaji, muke haɗa turaren wuta da shi, muke danna wa haƙori in yana ciwo, ashe fure ne da bai kai ga buɗewa ba. Bishiyarsa doguwa ce, sai an hau ake tsinko shi da hannu lokacin da ya fara ja, a baza a tabarma kwana da kwanaki har ya bushe ya yi duhu. Asalinsa daga tsibiran Indunusiya ne. Sayyid Sa'id ne ya tilasta wa masu gonaki shuka shi, har Zanzibar ta zama ita ce kan gaba a duniya wajen sayar da shi na tsawon lokaci. Yanzu Indunusiya ce ke gaba, kuma a cikin tsibiran ma Pemba ta fi Unguja noma shi. Jagora ya ɗebo 'yan ƙwayoyi a tafin hannunsa ya ce mu tuna inda muka je jiya, domin waɗancan mutanen su ne suka share dajin, suka shuka bishiyoyin, suka yi ta tsinka. Dukiyar da ta sassaƙa ƙofofin da muke ta yabo daga nan ta fito.

Amare ga taku. Kamar yadda muke da dilka da halawa, su ma suna da nasu gyaran jikin mai suna singo, wanda ake haɗawa da kanumfari da sandal da busassun furanni da ruwan wardi, a riƙa murje amarya da shi kwanaki kafin biki. Lallensu kuwa zanen furanni ne har gwiwar hannu.

LABARIN GIMBIYA SALME

A hanyar dawowa muka tsaya a kangon fadar Mtoni, nan ne na ji labarin da ya hana ni barci, wanda na san ku ma shi za ku fi so. A wannan gida aka haifi Sayyida Salme a 1844, 'yar Sarki Sayyid Sa'id, mahaifiyarta kuwa ƙwarƙwara ce da aka kawo daga ƙasar Sarkasiya. Ta tashi cikin gata, ga bayi ga dawaki ga gwala-gwalai. A lokacin ana koya wa 'ya'ya mata karatu amma ba a koya musu rubutu, sai ita ta koya wa kanta a ɓoye, tana kwaikwayon haruffa a kan ƙashin kafaɗar raƙumi. Mahaifinta ya rasu a 1856, mahaifiyarta ta bi shi bayan shekara uku. Tana 'yar shekara 15 rikicin sarauta ya ɓarke tsakanin yayyenta Majid da Bargash, aka jawo ta ɓangaren Bargash ta zama mai rubuta musu wasiƙu. Da abin ya watse sai ta tsinci kanta ba ta nan ba ta can, 'yan uwa da yawa sun juya mata baya.

Cikin wannan kaɗaici ne ta koma wani gida a cikin gari, wanda ke maƙwabtaka da na wani matashin ɗan kasuwa Bajamushe mai suna Heinrich Ruete. Daga gaisuwa ta saman bene sai hira, daga hira sai so ya shiga. Da al'amarin ya kai inda ba ya ɓoyuwa, kuma ta tabbata rayuwarta na cikin haɗari, sai ta sulale a Agustan 1866 ta shiga jirgin ruwan yaƙin Ingila zuwa Adan. A can ta bar addininta, aka sa mata suna Emily, aka ɗaura musu aure a 1867. Ɗan da ta haifa a Adan ya rasu suna kan hanyar zuwa Jamus.

A littafi irin namu nan ne za a ce sun zauna cikin jin daɗi. Ita kuwa shekara uku kacal ta samu. A birnin Hambug ta haifi 'ya'ya uku, sai a 1870 mijin ya yi haɗari a keken dawaki na haya mai bin dogo, ya mutu. Ga ta 'yar shekara 25, ga marayu uku, ga sanyin da ba ta saba ba, ga harshen da bai gama zama a bakinta ba, dukiyar mijin kuma doka ta sa ta a hannun wasu. Gimbiyar da ake yi wa fifita ta koma koyar da Larabci don ta ci da yara. Ta dawo Zanzibar a 1885 tana neman gadonta da sulhu, amma Bargash ɗin nan da ta yi wa wahala tana yarinya, wanda a lokacin shi ne sarki, ya ƙi ko ganinta. Ta sake zuwa a 1888, nan ma haka. A 1886 ta fitar da littafin tarihin rayuwarta da Jamusanci, wanda ake lissafawa cikin na farko da wata Balarabiya ta rubuta a kan kanta, kuma rubutun nan da ta koya a ɓoye shi ne ya sa har yau ake ambatonta. Ta rasu a Jamus a 1924 tana da shekara 79.

Ni dai ba zan yanke mata hukunci ba, marainiya ce da ta rasa mai jan ta a jiki. Amma 'yan mata ku duba da kyau. Duk wanda zai ce ki bar kowa ki biyo shi, ko da son gaskiya yake miki, ba shi da tabbacin zai kai gobe. Ranar da babu shi, wa za ki kama?

ABINCI SAI WANDA YA CI

To mu ɗan saki fuska. Da magariba ta yi, filin Forodhani da ke bakin ruwa sai ya rikiɗe ya zama kasuwar abinci, tebura a jere, fitilu a kunne, hayaƙi na tashi. Akwai mishkaki, wato tsirensu, ƙanana a jikin tsinke. Akwai urojo, wani romo ne mai kauri ruwan ɗorawa, mai ɗan tsami saboda ɗanyen mangwaro da lemon tsami, a zuba masa dankali da wani soyayyen abu kamar ƙosai da soyayyen rogo da yaji, wallahi kwano ɗaya ba ya isa. Akwai wata wainar fulawa da ake cusa wa niƙaƙƙen nama da albasa da ƙwai a soya a faranti. Sannan ga ruwan rake da ake matsewa a gabanki tare da citta da lemon tsami. Kifi da ƙaguwa da jatan lande kuwa ba a magana. Jagoranmu ya ce mu tambayi kuɗi kafin a ɗora, kuma mu zaɓi wanda aka gasa a gabanmu, kada mu karɓi wanda ya daɗe a tebur.

A gidajen abinci kuma shinkafa ce sarauniya, pilau da biriyani, waɗanda tun daga ƙofa ƙanshin kirfa da kanumfari zai tare ki. Kusan kowace miya da madarar kwakwa ake yin ta. Har da wata halittar ruwa mai hannuwa takwas da suke kira pweza, Yayana ya cinye tasa tas yana santi, matarsa kuwa ta ce ita da wannan abu sai dai kallo. Da safe ga mandazi ɗan uwan fanke, ga vitumbua wadda ba ta da maraba da wainar shinkafarmu sai zaƙin kwakwa. Wani dare kuma aka kai mu sauraron taarab, kiɗansu na biki mai goge da garaya irin ta Larabawa. A nan na ji sunan Siti binti Saad, 'yar talakawa daga ƙauye, wadda a 1928 ta je Bombay aka ɗauki muryarta a faifai, ta fitar da wannan kiɗa daga fada ta kai shi ga kowa da harshen Suwahili.

BAKIN TEKU

Sauran kwanakin a gaɓa muka yi su. Mun shiga kwale-kwale zuwa ɗan tsibirin Changuu, inda aka gina kurkuku a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mayar da shi wurin killace masu cuta. Yanzu manyan kunkuraye ne a wurin, zuriyar waɗanda aka kawo daga tsibiran Seshel a 1919, wani ya fi turmi girma. A dajin Jozani mun ga jan birin da babu irinsa ko'ina a duniya sai Zanzibar. A Nungwi can arewa mun tarar da masassaƙa suna haɗa jirgin katako da hannu kamar yadda kakanninsu suka yi, ga rairayi fari sol kamar garin semo, ruwan kuma tun daga kore-kore har shuɗi mai duhu, kina hango ƙafarki a ƙasa.

Amma ni gabashin tsibirin ya fi tsaya mini a rai, wajen Paje da Jambiani. A can in ruwa ya janye sai ya yi nisa har ki daina ganin iyakarsa, bayan wasu awoyi kuma ya dawo. Da ya janye sai ga mata sun fito cikin kanga, suna tafiya cikin ruwa iya ƙwauri zuwa gonakinsu. Ciyawar teku suke nomawa, mwani, suna ɗaure ta a igiyoyi tsakanin turaku, bayan kamar wata biyu su girbe su shanya, a sayar wa masu kai ta waje inda ake sa ta a man goge baki da kayan shafa da abinci. An fara wannan noma wajen 1989, kuma yawancin masu yin sa mata ne. Aiki ne mai wuya, ga rana ga gishiri, kuɗin kuma ba yawa, ɗumamar ruwan teku ma tana kashe musu shuka. Duk da haka da shi da yawansu ke biyan kuɗin makarantar yara, wasu kuma sun haɗa ƙungiya suna yin sabulu da shi. Daga bayansu kaɗan ga otal-otal da kwana ɗaya a ciki ya fi abin da mace ɗaya za ta samu a wata da watanni. Duk wadda ta je, don Allah ta sayi sabulun nan daga hannunsu, kuma kada ta ɗauki hoton kowa sai ta nemi izini.

GA MAI NIYYAR ZUWA

Lokacin da ya fi daɗi shi ne Yuni zuwa Oktoba, ba zafi sosai ba ruwan sama. Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi. Ki tanadi fasfo mai sauran kwana, da katin rigakafin cutar shawara, da maganin zazzaɓin cizon sauro, a kuma nemi biza tun daga gida da sauran makonni. Daga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44, don haka ki tambaya ko tana cikin kuɗin da kika biya. Kuɗinsu shilin ne na Tanzaniya. Sutura kuwa irin tamu ta gida ita ce daidai, za ma ki ga sun fi girmama ki.

Kafin a biya ko kwabo, a je ofishin kamfanin ido da ido tare da wani babba na gida, a karɓi komai a rubuce, sunan masauki, abinci sau nawa, wuraren da za a je, da abin da za a mayar in an fasa. Mu kanmu sai da muka isa aka ce kuɗin kwale-kwale ba ya ciki, takardar da Yayana ya riƙe ce ta raba gardama. A can kuma akwai samari masu bin baƙi a bakin teku da daɗin baki, suna tayin yawo mai araha, mutanen garin da kansu papasi suke ce musu, wato kaska. Kada ki ware daga ayari ki bi kowa. Haka nan duk wanda ya ce zai kai ki waje kyauta, ko ya ce ki ba shi fasfonki ya riƙe miki, ko ya ce kada ki faɗa a gida, to ki guje shi, domin ta irin wannan hanya ake safarar 'yan mata a zamaninmu.

Wadda Allah bai ba ta ikon zuwa ba kuma kada ta ɗaga hankalin saurayi ko miji a kan sai an kai ta, aure ba ya ƙarko don an sha amarci a tsibiri. Ku dai dage da karatu da sana'a, wata rana da kuɗinku za ku je. Ina jiran wasiƙunku a kan labarin Gimbiya Salme, ku faɗa mini laifin wa kuka fi gani, nata ko na 'yan uwanta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Taku har kullum.